Suna Linzami: Fashin Baƙi Kan Ambaton Mutane a Sharhin Shafukan Sada Zumunta

Wata ranar Asabar cikin damina, bayan sallar La'asar, na iske kawuna a kan dakalin ƙofar gidansa da ke unguwar Gangare a Jos, ya ɗora tabarau a karan hanci yana duban wayarsa kamar wanda aka kawo wa sammaci. Tsohon malamin makaranta ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aji, kuma abin da ya kai shi Facebook bai wuce ganin hotunan jikoki da sauraren karatun malamai ba. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, duba mini, me na yi wa mutanen nan suke ta kiran sunana tun hantsi?" Da na duba sai na tarar wani tsohon ɗalibinsa ne ya rubuta sunansa a ƙarƙashin wata zazzafar muhawara kan rabon muƙaman siyasa a Jos ta Arewa, ya ƙara da cewa, "Malam, zo ka gaya musu gaskiya." Kawu bai ce uffan ba, bai ma san ana yi ba, amma wasu sun riga sun tsaya jiran fatawarsa, wasu kuma da suka bi sunan suka shiga shafinsa suka ga hotonsa da unguwarsu, sun fara yi masa baƙar magana a kan ra'ayin da bai taɓa furtawa ba.

Wannan shi ne abin da matasa suke kira tagin, wanda za mu iya kiransa ambato: mutum ya rubuta alamar @, ya biyo ta da sunan wani, manhajar ta kawo masa jerin sunaye ya zaɓi guda. Aikin daƙiƙa biyu ne, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukarsa kamar zungurar aboki da gwiwar hannu a majalisa don ya juyo ya ga abin dariya. To amma a cikin daƙiƙa biyun nan abubuwa uku ne suke faruwa lokaci guda, kuma mai ambaton na farkon kaɗai yake gani. Na farko, ana aika wa mai sunan sanarwa a wayarsa. Na biyu, sunan yana zama ƙofa, wato duk wanda ya taɓa shi zai faɗa shafin mutumin ya ga abin da ya bari a buɗe, daga hotonsa zuwa wurin aikinsa da garinsu. Na uku, manhajar tana rubuta wa kanta cewa wannan wallafa tana jan hankali, tunda har ana gayyato mutane zuwa gare ta, saboda haka sai ta ƙara tura ta gaban wasu. Akwai kuma bambancin da ya kamata a sani a Facebook tsakanin ambato a cikin sharhi da liƙa sunan mutum a jikin hoto ko wallafa, domin na biyun yakan sa abokan wanda aka liƙa wa sunan su ma su ga abin, kuma yakan iya bayyana a shafinsa kamar da yawunsa aka yi.

Alamar da kanta ta girmi duk waɗannan shafuka. Wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, shi ne ya ɗauko ta a 1971 don ta raba sunan mutum da sunan kwamfutarsa a adireshin imel. Lokacin da aka buɗe Twitter a 2006 babu hanyar mayar wa mutum magana kai tsaye, sai masu amfani da shafin da kansu suka fara sa @ a gaban sunan wanda suke nufi, kamfanin kuma ya karɓi dabarar ya mayar da ita tsari a 2007. Facebook ya shigo da ita cikin wallafa a 2009, ya faɗaɗa ta zuwa sharhi a 2011, WhatsApp kuma ya kawo ta zaurukansa a 2016, inda ambato yake iya ƙwanƙwasa wayar mutum ko da ya kashe ƙarar zauren. Kada a haɗa ta da alamar # wadda Chris Messina ya kawo shawararta a 2007, domin ita maudu'i take tarawa wuri guda, kamar yadda aka gani a gangamin neman sako 'yan matan Chibok a 2014. Ita # magana take kira, ita kuwa @ mutum take kira, kuma mutum yana da mutunci da iyali da maƙwabta.

Ba don Allah kamfanonin suka sauƙaƙa ambato ba. Kuɗinsu daga talla yake zuwa, talla kuwa tana bin yawan lokacin da mutane suke ɓatawa a kan shafin, kuma babu sanarwar da take dawo da mutum cikin sauri kamar wadda ta ce wane ya ambace ka. Mutum yana iya yin watsi da sanarwar wani bidiyo ko tunin ranar haihuwar wani, amma da wuya ya ji an kira sunansa a cikin taro ya ƙi waiwayawa. Masu neman mabiya sun gane wannan tun da wuri, daga nan aka samu wallafe-wallafen nan na "ambaci abokinka mai rowa" da "ambaci mutum goma ka ci katin waya". Abin ya yi yawa har Facebook da kansa ya sanar a Disamban 2017 cewa zai riƙa danne irin waɗannan wallafe-wallafe masu roƙon a ambaci mutane ko a yaɗa, ko da yake ya ware neman taimako na gaskiya, irin su cigiyar yaron da ya ɓata. Sai dai kamfanin da ya ce haka shi ne kuma daga baya ya ba shugabannin zauruka damar rubuta kalma guda su aika wa kowa da kowa sanarwa, sannan ya ba masu shafi damar kiran duk mabiyansu a sharhi ɗaya. Duk wanda yake cikin zauren tsofaffin ɗalibai ko na 'yan unguwa ya san yadda wannan ya ƙare: ana tashin mutum da sanarwa cikin dare, ya duba a firgice yana zaton rasuwa aka yi, ya tarar da tallar turaren wuta.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne yadda ya ci karo da tarbiyyar da muka tashi a cikinta game da suna. Bahaushe ya ce suna linzami ne, wato da shi ake juya mutum, kuma saboda sanin nauyinsa ne aka kewaye shi da ladubba masu yawa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce Malam ko Maigida ko Baban wane. Idan aka sa wa yaro sunan kakansa, sai gida ya koma kiransa Abba ko Baba ko Maisuna, yarinya kuma Ummi ko Mama, don kada sunan babba ya zama abin ƙwala wa kira a tsakar gida. Almajiri ba ya ambaton malaminsa gatsau, suruki kuwa ko hanya aka haɗu sai an kauce. Manhajar ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ita sunan da mutum ya yi rajista da shi take fitarwa, sau da yawa sunan yanka ne haɗe da na mahaifi, ta ajiye shi da launi na daban a gaban duniya. Yaron da ba zai iya ɗaga ido ya dubi malaminsa a zaure ba, yanzu shi ne yake jawo cikakken sunan malamin cikin cacar bakin da ake zage-zage, kuma bai ji ya yi wani abin kunya ba, domin a ganinsa maɓalli kawai ya danna.

Haka kuma ambato ya rushe wata hikima ta zancen Hausa, wato iya faɗar magana ba tare da kama suna ba. Habaici da gugar zana suna da illarsu, amma suna bar wa wanda ake nufi ƙofar fita: yana iya yin kamar bai ji ba, ya gyara a ɓoye, zumunci ya ci gaba. Ko mai wa'azi cewa yake yi "me ya sami wasu mutane", ya bar mai kaza a aljihu da tsarguwarsa. Da zarar an liƙa suna, ƙofar nan ta rufe. Idan mutum ya yi shiru a ce ya amsa laifi ko ya ji tsoro, idan ya tanka kuma ya shiga faɗan da ba shi ya tara ba.

Wannan matsi na amsawa shi ne ginshiƙin wani nau'in ambaton da ya yi kama da aikin maroƙi a gidan biki. Maroƙi ya san cewa idan ya kama sunan attajiri da na kakanninsa a bainar jama'a, kunya za ta sa hannu ya shiga aljihu. Haka ake yi yanzu a ƙarƙashin hoton marar lafiya ko na ginin masallacin da ya tsaya: a jero sunayen 'yan kasuwa da 'yan siyasa da duk wani ɗan unguwa da aka ji ya samu aiki a Abuja, a ce "ga dama ta samu". Ba na musun cewa an ceci rayuka ta wannan hanya, kuma wanda ɗansa yake kwance ba shi da lokacin tauna ladabi. Amma na san ma'aikatan da albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata, waɗanda ake ambata sau uku a mako, kuma duk wanda bai fito ya ce ya bayar ba sai a fara yi masa kallon marowaci, alhali wataƙila ya bayar a ɓoye kamar yadda addini ya fi so. Sadakar da aka karɓa da ƙarfin kunya tana barin ɗaci a zuciyar mai bayarwa, kuma tana sa mutane su fara gudun duk wani kiran taimako, har da na gaskiya.

Na 'yan kasuwa ya fi sauƙi, kuma uzurinsu a fili yake. Mai sayar da atamfa a kasuwar Taminus ko mai kawo dankalin Turawa da kabeji daga Farin Gada ba ta da kuɗin biyan talla, saboda haka sai ta ɗora hoton kaya ta liƙa sunayen mutum arba'in. Abin da ba ta lura da shi ba shi ne, a mako na uku rabin mutanen sun toshe ta, sauran kuma sun daina duba sanarwarta ko da gaisuwar ta'aziyya ce.

Inda abin yake zama haɗari na gaske shi ne gayyar faɗa, kuma mu mutanen Jos ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Garin da ya ga rikicin Satumban 2001 da na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010 ya san cewa jita-jita tana riga jami'an tsaro isa unguwa. A da sai labari ya bi baki da baki daga Dilimi zuwa Unguwar Rogo, kuma a kan hanya yakan haɗu da dattijon da zai ce a dakata a bincika. Yanzu mutum guda yana iya ɗora hoton gawa ya ambaci mutum talatin daga unguwanni goma, kowannensu ya ambaci wasu, kafin a kira sallah ta gaba garin ya ɗauka. Binciken da BBC ta fitar a Nuwamban 2018 ya nuna cewa a lokacin rikicin yankin Barikin Ladi na watan Yunin wannan shekara an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook waɗanda wasunsu ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba, kuma 'yan sandan Filato sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya. Duk wanda ya ambaci wani a ƙarƙashin irin wannan hoto ya ƙara wa hoton tafiya, ko da cewa ya yi "wane, gaskiya ne wannan?", domin manhajar ba ta bambance mai tambaya da mai yaɗawa, yawan motsi kawai take ƙirgawa. Wanda aka ambata kuma an tsayar da shi a tsakiyar fili da sunansa da hotonsa da unguwarsa, a garin da suna kaɗai yake iya nuna addinin mutum da ƙabilarsa, kuma gobe zai bi ta unguwar da ba tasu ba don zuwa wurin aiki. Wannan ne ya sa fuskar Kawu ta canza a ranar nan, ba zagin yara ba.

Akwai kuma 'yan damfara, waɗanda suka fi kowa fahimtar cewa mutum ba ya ƙin amsa sunansa. Wani lokaci sukan buɗe shafi mai kama da na kamfanin Meta, mai mallakar Facebook, su ambaci mutane da yawa su ce za a rufe musu shafi idan ba su bi wani adireshi sun tabbatar da kansu ba, wanda ya bi ya rubuta kalmar sirrinsa kuwa ya miƙa musu makullin gidansa. Daga nan sai su yi amfani da shafin nasa su ambaci abokansa a ƙarƙashin bidiyon batsa ko tallar jarin da ake ninka kuɗi cikin kwana biyu, abokan kuma su yarda domin sunan wanda suka sani suka gani. Wani salon ya fi wannan wayo: mutum ya ambaci bankinsa a fili yana ƙorafin an cire masa kuɗi ba su fito ba, cikin mintuna sai wani shafi mai tambarin bankin ya amsa masa da ladabi, ya ja shi WhatsApp, ya nemi lambar katinsa da lambar sirrin da aka turo masa. Banki na gaskiya ba ya neman waɗannan lambobi a wurin kowa, amma mai jin zafin kuɗinsa ba ya tsayawa duba harafin da aka sauya a sunan shafin.

Duk da haka ba zan ce a bar ambato ba, domin na ga amfaninsa da idona. Idan ana neman jini cikin gaggawa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ambaton mutum biyar da aka san rukunin jininsu ya fi shela ga mutum dubu. Idan aka ga sanarwar ɗaukar aiki ko tallafin karatu, ambaton ƙanen da ya dace da ita alheri ne. Wanda ya ɗauko rubutu ko hoton wani ya ambace shi ya sauke haƙƙi. Haka nan talakan da transifomar unguwarsu ta ƙone ko kwalbatinsu ta karye, wanda ba shi da hanyar shiga ofis, yana da ikon ambaton hukuma ko zaɓaɓɓen wakilinsa a fili, domin wanda ya nemi ƙuri'ar jama'a ya riga ya amince a kira sunansa a kan aikin jama'a. Bambancin da nake gani shi ne, a duk waɗannan misalai ko dai mai sunan ne yake amfana, ko kuma akwai haƙƙin da yake wuyansa. A misalan baya kuwa mai ambaton ne yake cin riba da sunan da ba nasa ba: ya samu mabiya, ko ciniki, ko mai tare masa faɗa.

Doka ba ta yi maganar ambato da sunansa ba, amma tana kallon abin da aka haɗa shi da shi. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin da ya kai shekara 3 kan wasu nau'o'in saƙonni, kuma an daɗe ana kukan cewa ana amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu suka, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Gyaran da aka yi masa a 2024 ya taƙaita shi ga saƙon batsa da kuma ƙaryar da mutum ya yaɗa da saninsa don ta da hankalin jama'a ko jefa rayuka cikin haɗari. Ɓata suna kuma laifi ne mai zaman kansa a dokokinmu tun kafin zuwan intanet, kuma wanda ya rubuta zargi ya liƙa sunan mutum a jikinsa ya rage wa mai ƙara wahalar nuna cewa da shi ake.

Manhajojin sun tanadi wasu hanyoyin kariya, sai dai sun ɓoye su a cikin saituna inda irin su Kawu ba za su taɓa kai kansu ba. A Facebook mutum yana iya kunna tsarin da zai hana duk abin da aka liƙa masa suna bayyana a shafinsa sai ya duba ya amince, kuma yana iya kashe sanarwar kiran kowa da kowa a zauruka. A Instagram yana iya zaɓar waɗanda za su iya ambatonsa: kowa, ko waɗanda yake bi kaɗai, ko babu kowa. Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya kawo hanyar zare kai daga muhawara a 2022, inda sunan mutum zai daina zama ƙofa kuma sanarwa ta daina zuwa masa. Duk waɗannan suna da amfani, kuma ina roƙon duk wanda ya buɗe wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa shafi ya zauna ya saita musu. Amma ban yarda da masu cewa laifin wanda aka ambata ne da bai kulle shafinsa ba. A al'adarmu mai shiga ne yake sallama, har sau uku, idan ba a amsa ba ya juya, ba a taɓa ɗora wa mai gida laifin barin zaurensa a buɗe ba. Wanda yake son wani ya ga wata wallafa yana da hanyar tura masa ita a keɓe, aikin daƙiƙa biyu ne shi ma, kuma yana bar wa mutumin zaɓin ya zo ko ya ƙi zuwa ba tare da idon kowa a kansa ba.

A ranar nan na zauna kusa da Kawu na rufe abin da zai rufu a shafinsa, na ɓoye sunan unguwa da hotunan jikoki, sannan na nemo lambar tsohon ɗalibin na kira shi. Da ya ji abin da ya faru sai muryarsa ta yi sanyi, ya rantse girmamawa ce ta sa ya ambaci Malam, domin a duk waɗanda ya sani babu wanda ya fi shi sanin tarihin garin, kuma na yarda da shi. Ya goge sharhin nan take, washegari kuma ya zo har gida ya durƙusa ya ba da haƙuri. Kawu ya ce masa, "Ba komai, ɗana, amma da ka zo nan ka tambaye ni, da na ba ka amsar da ta fi wadda kake nema." Sai dai kafin a goge, wani ya riga ya ɗauki hoton muhawarar ya tura zauren WhatsApp na unguwa, kuma har bayan mako biyu akwai waɗanda suke tare Kawu a ƙofar masallaci suna tambayarsa wai shi wane ɓangare yake goyon baya.